YADDA ZA A GANO MATSALAR FITILUN TSOHUWAR TARAKTA A GYARA TA

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi domin manoma, da direbobin tarakta, da shugabannin ƙungiyoyin gama-kai masu bayar da hayarta, da kuma yara masu koyon aikin waya a gareji. Manufarsa ita ce a nuna yadda mutum zai bi wayoyin fitilar tarakta daki-daki har ya gano inda wuta ta tsaya, ba tare da ya ɓarnatar da kuɗinsa a kan kayan da ba su lalace ba, ba kuwa tare da ya jawo wa kansa gobara ba.

Tun daga shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, zuwa 1980 da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin na bunƙasa noma, taraktoci suka yawaita a ƙasar nan. An shigo da Massey Ferguson daga waje, an harhaɗa Steyr a Bauchi, an harhaɗa Fiat a Kano. Daga baya 'yan kasuwa suka riƙa kawo na hannu, aka kuma sami ƙananan taraktocin lambu da 'yan injunan huɗa masu ƙafa biyu waɗanda ake bi a baya. Injin tarakta yana da tsawon rai idan ana kula da shi, amma wayoyinta ba su kai shi ƙarko ba. Sau da yawa za ka tarar inji yana aiki garau, fitilu kuwa sun yi shekaru da mutuwa.

Me Ya Sa Fitila Ta Zama Wajibi?

Bari mu ɗauki misalin manomin da ke zaune a unguwar Magajiya cikin birnin Suleja, Jihar Neja, gonarsa kuma tana bayan gari ta wajen Maje. Ruwan shuka ya sauka, kowa yana neman tarakta a mako guda, direba yana huɗa tun da asuba har faɗuwar rana. Kafin ya kamo hanyar gida magariba ta yi, hanyar kuwa ita ce babban titin Suleja zuwa Minna, wanda tankokin mai da tireloli ba su rabuwa da shi dare da rana. Haka kuma da kaka, lokacin da ake jan tirela cike da doya ko masara ko shinkafa.

Ga ɗan lissafi. Tarakta tana tafiyar kilomita 20 a awa, motar da ke bayanta tana gudun kilomita 100. Kowace daƙiƙa motar tana cin mita 22 daga ratar da ke tsakaninsu. Idan direbanta bai hango tirelar ba sai da ya rage mita 50, to abin da ya saura masa bai kai daƙiƙa uku ba. Wannan bai isa a ga abu, a taka birki, mota ta tsaya ba. Tarakta mai ido ɗaya ita ma tana da nata hatsarin, gama mai zuwa daga gaba zai ɗauka babur ne, ya matso tsakiyar titi, sai ya yi karo da babbar tayar baya ko gefen garma.

Dokokin hanya sun wajabta wa duk abin hawa da ke bin titi da dare ya kunna fitilun gaba da jar fitilar baya, ba a kuwa cire tarakta daga ciki ba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsayar da wanda ya saɓa. Amma tara ƙaramin abu ce idan aka gwada ta da rai.

Yadda Wuta Take Tafiya

Duk wanda ya fahimci abu guda ɗaya ya riga ya yi rabin gyara: wutar lantarki ɗan aike ce, ba ta barin gida sai ta tabbata akwai hanyar komowa. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa (+), ta bi ta fis, ta isa makunni, ta bi waya zuwa ƙwan fitila, sa'an nan ta komo kan batir mai alamar ɗebewa (−). Idan hanyar ta yanke a ko'ina, ko a tafiya ko a komowa, fitila ba za ta kama ba.

Abin da ke ruɗa mutane da yawa shi ne hanyar komowar. Masu ƙera tarakta ba su cika ja wata doguwar waya daga fitila zuwa batir ba. Sukan ɗaure 'yar gajeriyar waya daga fitila zuwa jikin ƙarfen tarakta, su kuma ɗaure kan batir na ɗebewa a jikin ƙarfen. Watau gangar jikin tarakta ita ce hanyar komowa. A nan za mu kira wannan wayar jiki. Noti guda mai tsatsa a wannan wuri ya isa ya kashe fitila ko da kowace waya tana lafiya.

Tashoshin da wuta take ratsawa ke nan guda shida: batir, fis, makunni, waya da mahaɗanta, ƙwai da mazauninsa, sai wayar jiki. A wasu taraktoci sai an murɗa makulli wuta take isa makunnin fitila, a wasu kuma akwai wani ɗan akwati da ake kira rile tsakanin makunni da fitila. Cutar tana ɗaya daga cikin waɗannan, ba ta da wata maɓoya.

Fara Sanin Irin Taraktarka

Kafin a taɓa komai, lalle ne a san inda fitila take samun wutarta, domin taraktoci iri biyu ne ta wannan fuska.

Na farko, masu shan wuta daga batir. Manyan taraktoci duka haka suke, yawancinsu masu bolt 12. Fitilarsu takan kama ko inji yana kashe. Inji yana cika batir ta hanyar dainamo a tsofaffi ƙwarai, ko altaneta a na baya-baya.

Na biyu, masu shan wuta kai tsaye daga inji. Ƙananan taraktocin lambu da yawa, da injunan huɗa masu ƙafa biyu, suna da naɗaɗɗiyar waya da maganaɗisu a wajen babban faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji. Daga nan wutar fitila take fitowa, wasu ma ba su da batir ko kaɗan. Irin wannan fitila ba ta kamawa sai inji yana aiki, tana dushewa idan aka sassauta wuta, tana ƙara haske idan aka ba shi wuta. Wannan ba cuta ba ce, haka aka yi ta. Mutane da yawa sun kwance lafiyayyun wayoyi don kurum sun gwada fitila inji yana kashe ba ta kama ba. Har wa yau, wutar da irin wannan inji ke bayarwa mai kai-da-komo ce, ta batir kuwa miƙaƙƙiya ce, saboda haka kada a haɗa wayar fitilar da batir alhali tana jone da injin, gama naɗin wayar zai iya ƙonewa.

Akwai kuma abin lura game da taraktocin Ingila na shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Da yawansu kan batir na tarawa ne aka ɗaure a jikin ƙarfe, ba na ɗebewa ba. Ka dubi batirinka da idonka ka ga wane kai ne aka ɗaure a jiki.

Kayan Aiki

Ba a bukatar kaya masu tsada. Ga abin da zai wadatar:

1. Sukudireba, filaya, da ƙananan sifanu.
2. Sanfefa ko burushin waya, da ɗan giris.
3. Tef na naɗe waya, da fis biyu ko uku masu lamba daidai da na taraktarka.
4. Doguwar waya mai kyau, kamar mita uku.
5. Fitilar gwaji. Kana iya yin taka: ka sami ƙaramin ƙwai mai bolt 12 da mazauninsa, ka jona masa waya biyu. Ka maƙala ɗaya a jikin ƙarfe mai tsabta, ka riƙa taɓa wuraren da kake zargi da ɗayar. Inda ƙwan ya kama, akwai wuta. Inda bai kama ba, babu.
6. Idan da hali, 'yar mitar awon wuta irin wadda masu gyaran rediyo ke amfani da ita.

Kiyaye Kanka Tukuna

Ka ajiye tarakta a wuri mai daidai, ka sauke garma ƙasa, ka cire giya, ka ja birki, ka kashe inji. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, domin idan suka haɗa kan batir da jikin tarakta sukan yi ja wur nan take su ƙone hannu. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da batir, gama yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta, musamman lokacin da ake cajinsa. Ruwan cikinsa kuma yana cin fata da tufafi. Idan ya fallatsa a ido, a wanke da ruwa mai yawa a garzaya asibiti.

Duk lokacin da za ka yanka waya ko ka kwance makunni, ka fara cire kan batir wanda aka ɗaure a jikin ƙarfe, shi ne kuma za ka mayar daga ƙarshe. Kada ka cire kan batir inji yana aiki, domin yin haka yana lalata altaneta. Idan gwajin na bukatar inji ya tashi, ka naɗe hannun riga ka nisanci fanka da fambel.

Bin Sawun Wuta

Makiyayin da dabbarsa ta ɓace ba ya faɗa wa daji da gudu. Yakan koma inda ya gan ta daga ƙarshe ya bi sawu. Haka ake neman wuta. Amma kafin ka ɗauki sifana, ka tambayi kanka: fitila ɗaya ce ta mutu ko duka? Idan ɗaya ce, ba ruwan batir da makunni, cutar tana ga ƙwanta, ko mazauninta, ko wayar jikinta. Idan duka ne, to sai a fara daga tushe.

Mataki na farko: batir. Idan yana tayar da inji da ƙarfi, ya isa kunna fitila. A mita, cikakken batir mai bolt 12 yakan nuna wajen 12.6 inji yana kashe. Idan ya sauka zuwa 12.2 ya kai rabi. Idan inji yana aiki ya kamata ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4, alamar ana cika shi ke nan. Ka dubi kawunansa. Farin gari ko kore-kore da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Ka kwance, ka wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki ba tare da ka bari ya shiga cikin batir ba, ka goge da sanfefa, ka ɗaure tam, sa'an nan ka shafa giris a kai. Ƙusar da ake bugawa tsakanin kan batir da maɗaurinsa ba gyara ba ce.

Mataki na biyu: fis. Kada ka amince da ido kaɗai, domin fis yakan yanke a inda ba a gani. Ka taɓa gefensa guda da fitilar gwaji, ka taɓa ɗaya gefen. Idan wuta tana gefe ɗaya babu a ɗayan, ya ƙone. Idan babu a duka biyu, cutar tana tsakaninsa da batir, ko kuwa sai an murɗa makulli ko an kunna makunni. Sau da yawa fis ɗin lafiya lau yake, 'yan ƙarafan da ke riƙe da shi ne suka yi tsatsa ko suka saki.

Mataki na uku: makunni. Ka duba ko wuta tana shiga, sa'an nan ka kunna ka duba ko tana fita. Idan tana shiga ba ta fita, makunni ne. Ƙurar hunturu da ruwan damina sukan shige cikinsa su toshe shi, zanzaro ma yakan yi gininsa a bayan allon direba. Wani lokaci tsabtacewa ta isa, wani lokaci sai sabo. Idan akwai rile, ka sa kunne: yakan yi ƙas idan aka kunna. Idan ya yi ƙarar amma wuta ba ta fita ta ɗaya gefen, cikinsa ya ƙone.

Mataki na huɗu: waya. Idan wuta tana fita daga makunni amma ba ta isa bayan fitila, wayar ta yanke a tsakani. Ka bi ta da hannu taƙi-taƙi. Wuraren da ta fi lalacewa su ne inda ta ratsa hudar ƙarfe, inda ta kusanci salansa, inda murfin inji yake buɗewa da rufewa, da duk inda wani ya taɓa yin ɗori. Waya takan karye a cikin robarta ba a gani. Idan ka lanƙwasa wurin sai ka ji ya yi laushi fiye da sauran. Taraktar da ta yi rani a kusa da rumbu kuwa, a fara zargin ɓera.

Motoci da taraktocin Ingila masu kayan wuta na kamfanin Lucas suna da tsarin launi: ruwan ƙasa daga batir, shuɗi mai farin layi na dogon haske, shuɗi mai jan layi na gajeren haske, ja na ƙananan fitilu da na baya, baƙi na jiki. Amma taraktar da ta shekara 40 ta ratsa hannun masu gyara barkatai, kowa ya sa wayar da ya samu. Ka gaskata fitilar gwaji fiye da launi.

Mataki na biyar: ƙwai da mazauninsa. Ka cire ƙwan ka ɗaga shi sama ka dubi siririn zaren ƙarfen da ke ciki. Idan ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi ko fari-fari, ya mutu. Hanya mafi sauƙi ita ce a musanya shi da na ɗaya gefen da ke aiki. Ka dubi mazaunin: idan ya yi tsatsa ka kankare, idan 'yar ƙarfen da ke tokare gindin ƙwan ta kwanta ka ɗaga ta kaɗan. Ƙwan halojin ba a kama gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana. A kama shi da tsumma mai tsabta.

Mataki na shida: wayar jiki. Ga wuta ta iso, ga ƙwai lafiya, amma babu haske ko kuwa ja-ja ne kamar na aci-balbal. A nan ne doguwar wayarka za ta yi amfani. Ka ɗaura bakinta guda a kan batir da ke jone da jiki, ka taɓa ɗaya bakin a ƙarfen mazaunin ƙwai. Idan haske ya tashi nan take, ka kama ɓarawo. Ka kwance notin wayar jiki, ka kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam, ka rufe da giris. A tsohuwar tarakta, inda fitila take kan murfin inji ko kan ƙarfen da ya rufe taya, gara a ja mata sabuwar wayar jiki har zuwa gangar inji a huta. Wanda ya sake wa tarakta fenti fitilu suka mutu, nan zai fara dubawa, gama fenti ba ya barin wuta ta wuce.

Fis Mai Yawan Ƙonewa

Wannan babi ya fi kowanne muhimmanci. Fis mai gadi ne, an yi shi da rauni da gangan domin ya mutu a madadin sauran wayoyi. Idan robar waya ta goge ta taɓa jikin ƙarfe, wuta takan yi yanke ta koma batir ba tare da ta bi ta ƙwai ba, ta kwararo da yawan da waya ba za ta iya ɗauka ba. Fis ya ƙone, hanya ta rufe, tarakta ta tsira.

Wanda ya cire fis ya sa ƙusa, ko ya naɗa masa takardar gwangwani ta kwalin taba, ko ya ɗaura zaren waya mai kauri, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Ranar da waya ta taɓa jiki, ita ce za ta yi ja ta narke tun daga batir har allon direba, kusa da bututun mai da busasshiyar ciyawar da ta maƙale a inji. Da rani, a tsakiyar karan dawa, wannan ya isa ya cinye tarakta da amfanin gona gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Lambar fis ba da ka ake zaɓenta ba. Ana raba ƙarfin ƙwai da ƙarfin batir: ƙwai mai wat 55 a kan bolt 12 yana jan amfiya 4.6, guda biyu suna jan fiye da 9 kaɗan. Fis mai amfiya 15 ya dace da su, muddin wayar mai kaurin asali ce. Fis na zamani masu ƙafa biyu ana gane su da launi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan littafin tarakta ko murfin akwatin fis ya faɗi lamba, ita za a bi.

Ga dabarar gano inda waya ta taɓa jiki ba tare da an ƙone fis goma ba. Ka cire ƙwayayen fitila duka. Ka cire fis, ka jona wayoyin fitilar gwaji biyu a gurbinsa, ka kunna makunni. Tun da babu ƙwai ko ɗaya, bai kamata fitilar gwaji ta kama ba. Idan ta kama, akwai inda wuta ke zurarewa. Sai ka bi wayoyi kana motsa su ɗaya bayan ɗaya, kana cire mahaɗai. Inda ka taɓa fitilar ta mutu ko ta yi ƙyafta, nan ne. Kada a manta da wayar da ke zuwa tirela, domin ita ta fi shan ja da murɗa.

Wasu Alamu Da Ma'anarsu

Haske ya dushe: wayar jiki, ko mahaɗi mai tsatsa, ko siririyar waya. Ƙwai yana da saurin jin ƙarancin wuta; idan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta ya ɓace a hanya, wajen kashi 30 cikin 100 na haske ya tafi. Ka kunna fitila na ɗan lokaci ka shafa mahaɗai da hankali; wanda ya yi zafi shi ke shan wutar. Madubin cikin fitila da ya yi tsatsa shi ma yana cinye haske.

Fitila tana ƙyaftawa a kan gargada: wani abu ya saki. Ka kunna ta ka riƙa girgiza wayoyi.

Fitila tana dushewa idan aka danna ham, ko wata fitila dabam tana kamawa tare da ita: wayar jiki ce, wuta ta rasa hanyarta tana bi ta gidan maƙwabta.

Haske yana raguwa bayan awa ɗaya ko biyu na aiki, da safe kuma inji ya ƙi tashi: ba a cika batir. A duba fambel ko ya saki, sa'an nan dainamo ko altaneta.

Ƙwai yana yawan ƙonewa: idan mita ta nuna bolt 15 ko fiye inji yana aiki, na'urar daidaita caji ta lalace, batir ma zai riƙa shanye ruwansa. Ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal a kan ƙarfin da aka yi ƙwai dominsa yana rage kwanansa da kusan rabi. Girgizar fitilar da ba a ɗaure da kyau ba, da ruwan da ke shiga ta tsagaggen gilashi, su ma suna kashe shi. A ƙananan taraktoci masu shan wuta daga inji, idan ƙwai ɗaya ya mutu sauran sukan sami wuta fiye da kima su bi shi. A canja shi da wuri, a kuma sa mai wat daidai da na asali.

Ɗori Da Sabuwar Waya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗorin da aka murɗa da yatsa aka naɗe da leda ba ya wuce damina ɗaya. A feƙe waya har jan ƙarfe mai tsabta ya bayyana, a haɗa da dalma ko a matse da mahaɗi na ƙarfe, a naɗe da tef sosai. A yi amfani da wayar mota mai silli-silli da yawa. Wayar gida mai silli ɗaya tana karyewa da girgiza. Kada sabuwar ta gaza tsohuwar kauri. Akwai wayoyi a kasuwa waɗanda sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare silli ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne ka bar ta. A ɗaure waya a jikin tarakta taƙi biyu-biyu, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, a sa guntun roba inda ta ratsa ƙarfe.

Game Da Fitilun LED

Fitilun zamani da ake kira LED suna ba da haske mai yawa da wuta kaɗan, suna kuma jure girgiza, saboda haka sun dace da tsohuwar tarakta mai raunin caji. Amma a kiyaye abu uku. Yawancinsu suna da gaba da baya, idan aka juya wayoyinsu ba za su kama ba. Mai taraktar da kan tarawa ke jone da jiki sai ya yi hattara. Ba a jona su kai tsaye da wutar inji mai kai-da-komo sai an sa na'urar da ke miƙar da ita ta daidaita ta, in ba haka ba za su yi ta ƙyafta ko su ƙone. Na uku, fitilar aikin gona mai watsa haske ko'ina ta gona ce. A kan titi tana kashe wa masu zuwa ido. Farin haske kuma ba ya fuskantar baya a kan titi, ja ne na baya.

Lokacin Da Za A Kira Gwani

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Idan ka ji ƙaurin roba, ko ka tarar wayoyi sun narke sun manne da juna, ko cutar tana cikin altaneta, dainamo, ko naɗin wayar inji, ka cire kan batir ka nemi makanikin waya, wanda aka fi sani da riwaya. Ka gaya masa abin da ka gwada da abin da ka gani, wannan zai rage masa aiki ya rage maka kuɗi. Idan ya ce zai haɗa maka kai tsaye ba fis, ka ce a'a. Malaman gona na jiharka su ma suna iya nuna maka inda za ka sami taimako.

Abin Tunawa

1. Wuta sai da hanyar tafiya da ta komowa. A duba duka biyu.
2. A bi tashoshi bi da bi, kada a sayi komai sai gwaji ya nuna ya lalace.
3. Fis ba shi da madadi.
4. A gwada fitilun gaba, na baya, da na tirela kowace safiya, a goge gilashinsu, a manna jan ƙyalle mai ɗaukar haske a bayan tirela.
5. Bayan kaka a wanke tarakta, musamman idan ta yi dakon takin zamani, domin yana cin ƙarfe. A cire batir, a ajiye ta a inuwa nesa da rumbu.
6. Idan fitila ta mutu a gona dare ya yi, gara tarakta ta kwana can da a hau titi da ita a makance.

A Suleja da kewayenta ruwa yakan fara sauka a watan Afrilu, can arewa kuwa sai Mayu ko Yuni. Watannin Fabrairu da Maris su ne lokacin wannan aiki, sa'ad da tarakta take hutu, makaniki kuma bai cika da jama'a ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa direbansa da maƙwabcinsa.